Akwatin da Baba Sylvanus Ya Bari Fanko

Duk mai bin hanyar Kakuri da safe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Wani siririn dattijo ne mai hular hana-sallah, fensir maƙale a bayan kunne, da doguwar takarda a naɗe a hammata kamar 'yar tabarma. Daga Romi yake hawo keken haya mai ƙafa uku, ya sauka a bakin kasuwa, ya tsaya wurin mai ƙosai. Yana ci yana kallon mutane: yadda mai kayan miya ke ciro waya daga ƙullin zani, yadda direba ke nesanta allon waya daga idonsa kafin ya iya karantawa. Daga nan sai ya hau bene, zuwa wani ɗan ofis da ke saman shagon masu gyaran janareta, ya goge teburinsa da kansa, ya feƙe fensir, ya raba takarda akwati-akwati, ya shiga zana mutane a ciki.

Sunansa Sylvanus, mu dai Baba muke ce masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma gida Zonkwa, domin hannun ya fara rawa, ido ma ya fara gardama. Na san halinsa. In aka bar shi, sulalewa zai yi ba tare da kowa ya ce masa sannu ba. To, ni ban yarda ba. Sunana Rhoda, nas ce ni, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na haɗiye magana. Ran ƙanwata ya taɓa rataya a kan zanen mutumin nan, saboda haka yau sai na faɗi abin da na gani.

Tun yana saurayi yake zane. A ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri ya fara, shi ke zana furannin da ake bugawa a jikin atamfa. Iyayenmu mata da yawa sun je coci da biki sanye da aikin hannunsa ba su sani ba. Da masaƙu suka mutu, abokan aikinsa suka watse, shi sai ya koma rubuta allon shaguna. Ranar Lahadi kuma yana zana wa yara labaran Littafi Mai Tsarki, hoto bayan hoto, da 'yar magana a saman kan kowane mutum. Yaran da suka tashi a cocinmu ba su san fuskar Yunusa ba sai wadda Baba ya ba shi, kuma kowa ya san da fuskar wani mai gadin masaƙa ya yi ta.

A cikin yaran nan akwai Wilfred. Ya girma, ya karanci kwamfuta, ya buɗe ɗan ofishin nan na saman bene. Ni kuma ina cikin masu tafiyar da wata ƙungiya ta masu ba da jini kyauta, a nan kudancin kogin Kaduna. Wahalarmu ɗaya ce. In aka kawo mara lafiya ana neman jini da gaggawa, sai in zauna ina kiran lamba bayan lamba. Wannan a kashe, wancan ba ya gari, wani ya canza layi, wani kuma yana ganin baƙuwar lamba ba zai ɗauka ba. Kafin in samu mutum ɗaya, wani lokaci an riga an ja zani an rufe fuska. Wilfred ya ce zai yi mana manhajar waya. Da an danna sau ɗaya, wayar duk mai irin jinin da ake nema, in yana kusa, za ta yi kuka. Ya yi ta kuwa, ta yi kyau. Muka bi coci-coci, ƙofar masallatai, tashoshin keke, muna gwada jinin mutane, muna roƙonsu su saka ta a wayoyinsu. Mutanen Kaduna, Allah ya yi musu albarka, suka amsa da yawa.

A daidai lokacin ne ƙanwata Eunice, mai ɗinki a Romi, ta samu ciki bayan dogon jira. Murna ba ta gama sauka ba, hoton ciki ya nuna mabiyiya ta kwanta a bakin hanyar fitowar jariri. Likita ya ce haihuwa sai da tiyata, kuma a tanadi jini, domin irin wannan yakan zo da zubar jini mai yawa. Jinin Eunice kuwa irin wanda ba a cika samu ba ne. Nawa bai yi mata ba, na mijinta bai yi ba. Muna fitowa daga wurin likita ta kama hannuna.

"Yaya, za a samu jinin kuwa?"

"Za a samu mana," na ce mata. "Ba ga manhajarmu ba?"

Da ƙarfi na faɗa, amma ni kaina ban tabbata ba.

Sai muka ce bari mu gwada manhajar tukuna. Wata ranar Asabar muka sanar za a yi gwaji, Wilfred ya danna, muka zauna jiran amsa. Jama'a, shiru! A cikin ɗaruruwan da suka ce sun saka, wayoyin da suka yi kuka ba su cika hannu biyu ba, kuma rabinsu namu ne na cikin ofis. Wilfred ya bi aikinsa layi-layi, bai ga kuskure ba. A wayarsa tana yi, a tawa tana yi. Ni dai na tashi na fita waje, domin na ji hawaye na neman kunyata ni a gaban yara.

Wilfred ne ya kawo shawarar Baba. Ya ce a wurin masu irin sana'arsu akwai wata dabara: kafin a taɓa kwamfuta, sai a zana yadda mutum zai saka manhaja tun daga farko har ƙarshe, kamar labarin katun, don a ga inda zai yi tuntuɓe. Ya ce kuma ya san wanda ya fi kowa iya ba da labari da zane. Da na shigo na tarar da dattijo yana feƙe fensir, sai raina ya ɓaci.

"Haba, Wilfred! Cikin ƙanwata kullum girma yake yi, kai kuma katun za ka yi mana? Makarantar Lahadi muka buɗe?"

Baba bai ko ɗago ba. "Sista Rhoda, zauna. Ke ce a akwatin farko."

Ya zana ni da lasifika a tashar keke, baki buɗe har kunne. Kowa ya yi dariya ban da ni. A akwati na gaba ya zana mutum ya miƙa yatsa ana gwada jininsa. Sai ya tsaya, ya dubi Wilfred.

"Daga nan fa?"

"Daga nan sai ya sauke manhajar, Baba."

"A ina? Yana zaune ne ko yana tsaye? Shi kaɗai, ko da wani a gefensa? Wa ke riƙe da wayar?"

Muka dubi juna. Mu dai mukan ce wa mutane su saka, su ce to, daga baya mu ga sunansu ya fito. Abin da ke faruwa a tsakani, babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Wilfred ya ce a zana mutum kawai zaune a ɗakinsa yana dannawa. Baba ya girgiza kai.

"Ni ma haka nake zato, ɗana. Amma zato ne. Abin da ban gani ba, ba na zana shi."

Ya bar akwatin fanko. Ya tsallaka can ƙarshen takardar, inda ya kamata a ga waya ta yi kuka mutum ya taso, ya bar shi ma fari fat. Ya naɗe takardarsa ya sauka daga bene. Na bi shi da harara har ya ɓace, kuma har yau ban ba shi haƙuri ba, ya san halina.

Abin da ya biyo baya, daga bakin Tony na ji shi. Tony magidanci ne mai rumfar cajin waya da gyara a bakin tashar keke ta Kakuri. Ya ce dattijon ya zo ya roƙi wurin zama a bencinsa, ya yini, washegari ma ya dawo, har ya fara zargin ko ɗan leƙen asiri ne. Ashe mutanenmu ba sa sauke manhaja da kansu. Wa zai ƙona datarsa? Wurin Tony suke kawo wayar, ya tura musu daga tasa, kamar yadda yake tura musu waƙoƙi da wa'azi. Suna nan zaune sai ga wani direban keke mai wushirya, Malam Zakariyya'u daga Unguwar Mu'azu, ya miƙo waya.

"Tony, saka mini abin jinin nan. Nas ɗin nan mai faɗa ta ce jinina mai wuyar samu ne."

Tony ya tura. Manhajar ta buɗe, wayar ta fara jero tambayoyi da Turanci. A bar ta ta san inda kake? A bar ta ta aiko maka da sanarwa? Ta ga lambobin da ke wayarka? Ta ga hotuna? Babban yatsan Tony ya bi su ɗaya bayan ɗaya: a'a, a'a, a'a, a'a. Ko ƙiftawar ido bai kai ba. Ya shigar da suna da irin jini, ya miƙa wa mai ita. Malam Zakariyya'u ya yi godiya, ya tafi yana murna ya shiga sahun masu ceton rai, alhali an toshe wa wayarsa baki da ido.

Baba ya tambayi Tony dalili. Tony ya ce, "Baba, wayar mutane amana ce a hannuna. Ka san mutum nawa 'yan damfara suka ƙwace wa layi a tashar nan, suna yi wa 'yan uwansu ƙarya da sunansu? Duk daga danna 'na yarda' ne. Ni duk abin da waya ta tambaya, amsata a'a ce. Haka na koya wa duk masu rumfa a layin nan."

Kun ji fa. Ba mugunta ba, ba sakaci ba. Tsabar kula da jama'a ce ta kashe mana manhaja.

Baba ya dawo ofis da takardarsa, ya kuma taho da Tony. Ya manna ta a bango. Akwatin nan ya cika: ga babban yatsan Tony a kan allo, ga direba yana kallon titi yana dariya, hankalinsa na kan fasinja. Wilfred ya bi zanen da ido, ya ce, "Ashe ba mai wayar nake yi wa magana ba tun farko." Ya jawo kujeru, su ukun suka zauna.

Ni shaida ce, aikin na su uku ne. Tony ya ce a daina tambayar abin da ba a buƙata, mene ne haɗin neman jini da hotunan mutum? Wilfred ya cire, ya bar tambaya biyu kacal, ta wuri da ta sanarwa. Baba kuma ya yi ta zana sabon labari, yana yagewa yana sakewa. Su kai wa masu kayan miya da direbobi su duba, in mutum ya ɗaure fuska a wani akwati, su dawo su gyara shi. A ƙarshe ga abin da ya fito. Kana buɗe manhajar, hoton farko hannu biyu ne, ɗaya na miƙa wa ɗaya waya, murya kuma ta ce da Hausa, "In ba wayarka ba ce, miƙa wa mai ita, ku duba tare." Sai hoton mace a gadon asibiti. Sai hoton waya tana kuka a aljihu. Sai muryar ta ce, "Yanzu wayarka za ta yi maka tambaya da Turanci. Ga abin da take nufi, ga dalilin da ya sa muke roƙo. In ba ka yarda ba, babu laifi." Zanen da aka yi don a gane matsala, shi ya koma fuskar manhajar kanta.

Abu na ƙarshe Baba ne ya kafe a kansa. Ya ce kada manhajar ta ce an gama sai wayar ta yi kukan gwaji a hannun mai ita, ya ji da kunnensa. Da aka zo neman muryar da za a sa a cikin kukan, duk suka juyo suna kallona.

"Me kuke kallo?"

"Sista," in ji Baba, "muryarki ko a cikin kasuwa ba ta ɓata."

Haka aka ɗauki muryata ina cewa, "Ana neman jininka! Taso, don Allah!" Har gobe yaran unguwa suna tsokanata da ita.

Saura waɗanda aka riga aka toshe wa waya. Baba da Tony suka bi rumfunan caji na Kakuri, Unguwar Mu'azu da Romi, suna nuna wa masu rumfa zanen, suna manna musu kwafi a jikin katako. Tony ya ce bai san sunan rabin masu zuwa wurinsa ba, amma direban nan, ai ga wushiryarsa a bango kullum tana kallonsa. Ranar da ya hango shi yana sauke fasinja, ya bar rumfa ya tsallaka titi da gudu. Aka sake saka masa. Wayar ta yi kuka a tafin hannunsa, har ya kusa yar da ita.

Ni ma ban zauna ba. Na samo wata malamar makaranta mai irin jinin Eunice, ta yi alkawarin zuwa ranar tiyata. Amma ciki bai jira ranar da likita ya sa ba. Wata rana da hantsi, Eunice na kan keken ɗinki, jini ya ɓalle. Kafin a iso da ita asibiti zaninta ya jiƙe sharkaf. Na kira malamar, ashe tana kwance da zazzaɓin taifot, ba halin a ɗibi jininta. A ma'ajiyar asibiti leda ɗaya ce tak ta irin jinin Eunice. Likita ya ce zai shiga da Eunice, amma ledar ba za ta isa ba, a nemo ƙari yanzu-yanzu. Ana tura ta ɗakin tiyata, leɓunanta sun yi fari, ta dube ni.

"Yaya, kin ce za a samu."

Na yi shekaru ina aikin nan, na ga abubuwa, amma ban taɓa ganin rana irin wannan ba. Na kira Wilfred, na ce, "Danna." Na fita bakin ƙofa na tsaya. Na yi addu'a, na yi kuka, na yi wa mai gadi masifa ba laifin komai. Tsoro nake ji, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai ga keke ya shigo a guje, ko fakin kirki bai yi ba. Mutum ya diro, yana ɗaga waya sama, muryata na ta ihu a cikinta.

"Ina nas ɗin? Ga ni! Ina za a ɗiba?"

Na gane shi tun kafin ya faɗi sunansa, domin na sha ganin wushiryar nan a bangon ofis. Aka ɗiba, aka tantance, aka shiga da jinin. Bayansa wata ɗaliba ma ta iso daga Romi. Da la'asar likita ya fito ya ce uwa tana nan, 'ya mace tana nan. Na durƙusa a tsakiyar baranda, ban damu da wanda ke kallo ba.

Daga baya na je yi wa Malam Zakariyya'u godiya. Yana zaune a benci, auduga manne a gwiwar hannu, yana shan lemo. Na ce, "Malam, na gode da ka amsa."

Ya ce, "Sista, gaskiya ni baƙuwar lamba ba na ɗauka, ko sau goma za a kira. Amma wannan kukan na san shi. Na ji shi a rumfar Tony. Ina jin masifarki a aljihuna, na ba fasinjojina haƙuri na juyo."

Ina juyawa sai na ga Baba a can ƙarshen bencin. Wilfred ne ya gaya masa, ya hawo keke ya zo. Ya shimfiɗa tsohuwar takardar nan a cinya, fensir na tafiya. Akwatin ƙarshe yake cikewa: mutum a benci, auduga a hannu, waya a kan gwiwa. Na ce, "Baba, jaririyar fa? Ba ita za ka zana ba?"

"Jaririya aikin Allah ce da na likita," in ji shi. "Namu ke nan. Waya ta yi kuka, mutum ya zo. Yau na gani."

Baba, kai ne ka zauna a bencin mai caji kamar wanda ba shi da aikin yi, alhali aikin ke nan. Kai ne ka ga Tony yana danna a'a, ba ka zage shi ba, ka tambaye shi dalili, ka kuma jawo shi cikin gyara. Kai ne ka jure bakina. Bayan namu, ka zana wa ƙungiyar manoma tasu manhajar, ka zana wa wata makarantar kurame, kuma a kowace takarda sai an ga akwatin da ka bari fanko har sai ka je ka gani. Sunanka ba ya jikin manhaja ko ɗaya. Dubban mutane a garin nan sun bi hotunanka da yatsa ba su san hannun wa ba ne, kamar yadda iyayenmu suka ɗaura atamfarka. Mai fensir a kunne, sannu da aiki.

Ku kuma matasa masu ƙera manhajoji, da ku masu tsara kowane irin abu don jama'a, ga roƙona. Kafin ku ce mutane ba su iya ba, ku sauko daga bene ku je ku ga a hannun wa wayar take. In akwai wurin da ba ku sani ba, kada ku cike shi da zato. Wilfred ya riga ya ɗauki 'yan mata biyu da Baba ya koya wa zane, kuma na ji ɗayarsu tana ce masa ba za ta zana wani akwati ba sai ta je kasuwa tukuna. Na ji daɗi har raina.

Mun gode, Baba. Ubangiji ya kai ka Zonkwa lafiya, ya ba ka hutu mai daɗi. Takardar nan tana bango a shagon Eunice, sama da keken ɗinki. 'Yarta, Amina, wadda aka sa wa sunan mahaifiyar Malam Zakariyya'u, yanzu tana gudu tana surutu, kuma an ce bakina ta ɗauko. Ranar Lahadi da ta wuce ta hau kujera, ta ɗora yatsa a kan akwatin ƙarshe, ta tambayi uwarta wane ne wannan mai auduga a hannu.

Eunice ta ajiye almakashi, ta ɗauke ta, ta mayar da yatsan nata can akwatin farko, ta ce, "Tsaya, daga nan ake farawa."